Yadda Ake Ɗora Aikin Jinya a Kan Hujjar Bincike a Sashen Majiyyata da Masu Tiyata

Mafi yawan abin da ma'aikacin jinya yake yi a sashen da ake kwantar da manya, ko masu fama da cututtukan cikin jiki ko waɗanda aka fito da su daga ɗakin tiyata, gado ne da ya tarar a hannun waɗanda suka riga shi shiga aikin. An koya masa cewa wanda za a yi wa aiki da safe ba ya sa komai a bakinsa daga sha biyun dare, cewa ana aske gashin wurin da za a yanka da reza, cewa ana canza kanular ƙarin ruwa duk bayan kwana uku ko da lafiyarta ƙalau, kuma idan an zura robar abinci ta hanci sai a hura iska a saurari ƙararta a kan ciki domin a tabbatar ta isa inda ake so. Duk waɗannan an daɗe ana yin su da kyakkyawar niyya, amma bincike ya nuna cewa wasunsu ba su da amfanin da ake zato, wasu kuma suna da haɗari. Tun a 1999 ƙungiyar likitocin sa barci ta Amurka ta yarda mai ƙoshin lafiya da za a yi wa tiyatar da ba ta gaggawa ba ya sha ruwa, ko wani abin sha garau wanda babu madara ko ɓarɓashi a cikinsa, har zuwa awa 2 kafin a sa shi barci, ya kuma ci abinci marar nauyi har zuwa awa 6. Hukumar Lafiya ta Duniya a jagororinta na 2016 kan kare wurin tiyata daga ƙwayoyin cuta ta yi hani da aski da reza, saboda ƙananan yankan da take bari a fata, ta ce a bar gashin, in kuwa dole ne a rage shi da injin aski. Sauraren iska kuma yana yaudara, domin ana iya jin ƙarar alhali robar tana cikin huhu, shi ya sa ake dogara da gwajin tsamin ruwan da aka zuƙo ko hoton ƙirji.

Hanyar da ake bi a gano irin wannan, a kuma gyara shi, ita ake kira aiki bisa hujja. David Sackett da abokan aikinsa sun fayyace ta a 1996 da cewa amfani ne da mafi ingancin hujjar da ake da ita a lokacin, cikin tsanaki da sanin ya kamata, wajen yanke shawara kan kulawar kowane majiyyaci, tare da haɗa ta da ƙwarewar mai aikin. Daga baya aka ƙara fito da na uku fili, wato abin da majiyyacin kansa yake so da abin da yake daraja. Masu jinya ba baƙi ba ne a wannan fage, tun da Florence Nightingale da alƙaluman mace-macen sojojin Ingila a yaƙin Kirimiya ta nuna cewa cututtukan da ake iya kauce musu sun fi raunin fagen fama kisa.

Akwai abubuwa uku da ake yawan cakuɗawa, kuma yana da kyau a raba su tun farko. Bincike shi ne samar da sabon sani da babu shi a da. Aiki bisa hujja shi ne ɗauko sanin da aka riga aka samar, a auna shi, a yi amfani da shi. Inganta aiki kuwa shi ne duba yadda ake gudanar da abu a wani takamaiman sashe domin a daidaita shi da abin da aka yarda cewa shi ne daidai. Wannan jagora ya fi karkata ga na biyu da na uku, domin su ne suke hannun kowane ma'aikacin jinya ko da bai taɓa rubuta maƙala ba.

Tambayar da za a iya amsawa

Aikin yana farawa ne daga wata damuwa ta gaske a gefen gado: majiyyata suna kukan yawan huda, ko gyambon kwanciya ya yawaita a watannin nan, ko ana yawan faɗuwa da dare a hanyar banɗaki. Tsarin Iowa, wanda aka fara wallafawa a 1994 kuma asibitoci da yawa suke bi, ya nuna cewa tambaya kan taso ko dai daga matsalar da aka gani a sashe ko daga sabon sani da aka ci karo da shi, sannan ya sa a tambayi kai ko batun yana cikin abin da asibitin ya ɗauka da muhimmanci. Wannan tambaya ta biyu ba ta da daɗin ji, amma wanda ya tsallake ta zai iya ɓata watanni a kan abin da babu mai ba shi goyon baya.

Damuwa ba tambaya ba ce sai an sassaƙe ta. Tsarin da aka fi sani shi ne PICO, wanda yake tilasta a ambaci abubuwa huɗu: su waye majiyyatan, mene ne abin da ake son gwadawa, da me za a kwatanta shi, kuma wane sakamako ake son gani. Wasu suna ƙara tsawon lokaci a matsayin na biyar. Mai cewa yana son ya san yadda ake kula da kanula bai yi tambaya ba tukuna. Mai cewa, a cikin manya da ke kwance a sashen majiyyata da masu tiyata, shin canza kanula sai an ga alamar matsala, idan aka kwatanta da canza ta duk kwana uku, yana ƙara yawan kumburin jijiya ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini, shi ya yi tambaya, kuma kalmomin da zai yi nema da su sun riga sun fito daga cikinta. A kula sosai da zaɓen sakamako. Abin da ya shafi majiyyaci kai tsaye, kamar ciwo, kamuwa da cuta, tsawon kwanciya ko mutuwa, ya fi abin da ake gani a takardar gwaji kawai nauyi.

Inda ake nema

Kuskuren mai farawa shi ne ya faɗa cikin dubban maƙalu ɗaiɗaiku. Ya fi sauƙi a fara daga inda wasu suka riga suka yi wahalar tacewa. Na farko a duba ko akwai jagora daga hukuma mai mutunci, kamar Hukumar Lafiya ta Duniya, ko NICE ta Ingila, ko CDC ta Amurka, a kuma duba shekarar da aka sabunta shi. Na biyu a nemi bita mai tsari, wato aikin da aka tattaro dukan binciken da ya shafi tambaya guda ta hanyar da aka bayyana tun kafin a fara, aka auna ingancin kowane ɗaya, sannan aka haɗa sakamakonsu idan sun haɗu. Ƙungiyar Cochrane, wadda aka kafa a 1993 aka sa mata sunan likitan nan Archie Cochrane, ita ce ta fi shahara da wannan aiki, kuma taƙaitattun bayanan bitocinta ana karanta su kyauta. Cibiyar Joanna Briggs da ke Adelaide a Ostareliya, wadda ta fara aiki a 1996, ta fi kusa da tambayoyin masu jinya. Sai an rasa amsa a waɗannan wurare, ko an ga sun tsufa, sannan a gangara zuwa maƙalu ɗaiɗaiku a rumbunan neman maƙalu na intanet kamar PubMed, wanda kyauta ne, ko CINAHL, wanda ya keɓanta da jinya da dangoginta amma yana buƙatar rajistar cibiya. Cibiyoyin ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi suna iya samun mujallu da yawa kyauta ko da rahusa ta shirin Hinari da aka fara a 2002.

Neman da Turanci ake yin sa. A rubuta kalmomin kowane ɓangare na tambayar tare da duk sunayen da ake kiran abin da su, a haɗa masu ma'ana ɗaya da OR (wato ko), sannan a haɗa ɓangarorin da AND (wato da). PubMed yana da jerin kalmominsa na musamman da ake kira MeSH, waɗanda suke kamo maƙala ko da marubucinta ya yi amfani da wata kalmar daban. A ajiye rubutaccen bayanin inda aka duba, da ranar, da kalmomin da aka sa, domin ranar da wani ya tambayi dalilin canza tsarin aiki wannan takarda ce za ta yi magana. Idan asibitin yana da ma'aikacin laburare, awa guda tare da shi ta fi kwana uku na laluben kai kaɗai. Akwai kuma mujallun da suke buga duk abin da aka biya kuɗinsa ba tare da tantancewar masana ba, saboda haka ganin abu a siffar maƙala bai isa a yarda da shi ba.

Auna abin da aka samo

Nan ne aikin yake da nauyi, kuma nan ne aka fi yin sakaci, domin yawancin masu karatu suna karanta taƙaitawar farko da jimlar ƙarshe su rufe. Ya kamata a fara da sashen da ya bayyana yadda aka gudanar da binciken, tun da shi ne yake nuna ko sakamakon ya cancanci a karanta shi ma.

Idan tambayar ta shafi ko wani abu yana aiki, mafi ƙarfin bincike guda shi ne gwajin da aka raba mutane gida biyu ta hanyar ƙuri'a. Hikimar ƙuri'ar ita ce tana raba tsofaffi da matasa, masu ciwon sukari da marasa shi, har da bambance-bambancen da babu wanda ya san da su, daidai wa daida tsakanin ɓangarorin, ta yadda duk bambancin da aka gani a ƙarshe za a iya jingina shi ga abin da aka gwada. Mai karatu ya tambaya: shin ƙuri'ar gaskiya aka yi, kuma an ɓoye wa mai shigar da majiyyata ɓangaren da na gaba zai faɗa? Shin wanda ya auna sakamakon ya san ɓangaren da kowa yake? A aikin jinya sau da yawa ba a iya ɓoye wa nas abin da take yi da hannunta, amma ana iya ɓoye wa mai duba sakamako. Mutum nawa suka ɓace kafin a gama, kuma an lissafa kowa a ɓangaren da ƙuri'a ta sa shi? Jerin tambayoyin CASP na auna ingancin bincike, waɗanda ake saukewa kyauta, suna bi da mai karatu ta waɗannan matakai ga kowane irin bincike.

Tambayar kanula tana da amsa mai kyau ta wannan fuska. Claire Rickard da abokan aikinta sun wallafa gwaji a mujallar Lancet a 2012 wanda ya ƙunshi manya 3,283 a asibitoci uku na jihar Queensland a Ostareliya. An canza wa rabi kanula duk kwana uku, ɗaya rabin kuma sai an ga dalili. Kumburin jijiya ya faru ga kashi 7 cikin 100 a kowane ɓangare. Bitar Cochrane da ta haɗa wannan gwaji da wasu ta kai ga matsaya ɗaya, cewa ba a ga ƙarin kumburi ko shigar ƙwayoyin cuta cikin jini ba, ga kuma ragin kuɗi da ragin huda.

Sai karatun alƙaluma. Abu mafi amfani da mai jinya zai koya a nan shi ne bambancin ragi na gwargwado da ragi na zahiri. A gwajin CLOTS 3 na 2013, an sa wa masu shanyewar ɓarin jiki da ba sa iya tashi wata riga ta ƙafa mai hura iska tana matsawa tana saki, domin hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa. Daskarewar ta sauka daga kashi 12.1 zuwa kashi 8.5 cikin 100. Ana iya cewa an rage haɗarin da kusan kashi 30 cikin 100, kuma gaskiya ne. Ana kuma iya cewa an rage shi da 3.6 a cikin kowane mutum 100, wanda yake nufin sai an sa wa kimanin mutum 28 rigar kafin a kare mutum guda, kuma wannan ma gaskiya ne. Lissafi na biyu shi ne yake taimaka wa shugabar sashe ta san abin da za ta samu idan ta nemi a sayo na'urar. Mai tallar kaya kullum na farkon zai kawo.

Haka kuma a dubi tazarar amincewa da ake rubutawa kusa da sakamako, wadda take nuna iyakar ƙasa da ta sama da gaskiyar za ta iya kasancewa a ciki. Idan tazarar tana da faɗi har ta haɗa da amfani da cutarwa duka, to binciken bai yanke hukunci ba, ko me marubutansa suka ce. Lambar p da ta gaza 0.05 tana nuna cewa da wuya a sami irin wannan bambanci idan a hakika babu wani bambanci, amma ba ta ce bambancin yana da girman da majiyyaci zai ji a jikinsa ba.

Ba kowace tambaya ake amsawa da ƙuri'a ba. Babu wanda zai yarda a raba majiyyata da gangan a ba wasu ƙarancin masu jinya domin a ga ko za su mutu. Saboda haka hujjar yawan ma'aikata ta fito ne daga binciken sa ido, kamar na Linda Aiken da abokanta a 2002 a asibitoci 168 na jihar Pennsylvania, wanda ya nuna cewa duk majiyyaci guda da aka ƙara wa nas yana tafiya da ƙarin kashi 7 cikin 100 na yiwuwar mutuwar masu tiyata cikin kwana 30. Irin wannan bincike yana nuna alaƙa, kuma ƙarfinsa yana ƙaruwa idan an sake samun abu ɗaya a wani wuri, kamar yadda aka samu a ƙasashen Turai tara a 2014. Idan kuma tambayar ta shafi yadda mutum yake ji, misali abin da yake hana wanda aka yi wa tiyatar hanji karɓar jakar bayan gida da aka liƙa masa a ciki, to binciken hira da saurare shi ne ya dace, kuma ba ƙasa yake da sauran ba a wurinsa.

Binciken da ya kwatanta kafin da bayan wani canji yana buƙatar taka tsantsan na musamman. Takardar duba lafiyar tiyata ta Hukumar Lafiya ta Duniya, mai abubuwa 19, an gwada ta a asibitoci takwas na ƙasashe daban-daban, kuma rahoton 2009 ya nuna mutuwa ta sauka daga kashi 1.5 zuwa 0.8 cikin 100, matsalolin bayan tiyata kuma daga kashi 11 zuwa 7. Amma da aka wajabta irin wannan takarda a lardin Ontario na Kanada, binciken 2014 a asibitoci 101 bai ga wani ragi na a zo a gani ba. A ganina duka rahotannin biyu abin karantawa ne tare, domin suna nuna cewa sa hannu a takarda daban, tsayawa a yi magana da juna kafin a yanka kuma daban. Saboda irin wannan ne tsarin GRADE yake auna hujjar gaba ɗaya a matakai huɗu, daga mai ƙarfi zuwa mai rauni ƙwarai, yana rage mata daraja idan binciken yana da aibi, ko sakamakon ya saɓa wa juna, ko mutanen da aka gwada ba irin waɗanda ake tambaya a kansu ba ne.

Ko ya dace da majiyyatan da ke gabanka

Hujja mai ƙarfi tana iya zama ba ta wannan sashe ba. Wani gwaji da Nancy Bergstrom ta jagoranta, wanda aka wallafa a 2013, ya kwatanta juya majiyyaci duk awa 2, da awa 3, da awa 4, bai kuma ga bambanci a yawan gyambon kwanciya ba. Wanda ya tsaya a nan zai ce an huta da juyin awa bibbiyu. Sai dai an yi gwajin ne a gidajen kula da tsofaffi na Amurka da Kanada, kowa yana kan katifar soso mai kauri ta musamman, ana kuma duba fatarsa a kai a kai. Wanda ya fito daga doguwar tiyata, jininsa ya yi ƙasa, yana kwance a kan katifa ta yau da kullum, ba shi aka gwada ba. A wurinsa ma'aunin Braden, wanda makinsa yake tsakanin 6 da 23 kuma ƙarancin maki yake nuna yawan haɗari, tare da idon nas a kan ƙashin gindi da dugadugai, su ne za su faɗi yawan juyin da yake buƙata.

Haka batun kanula yake. Sakamakon Queensland ya dogara ne a kan cewa ana duba wurin hudar a kai a kai, ana kuma cire kanular da zarar ta yi ja, ko ta kumbura, ko ta toshe, ko an gama amfani da ita. Sashen da ba a iya tabbatar da wannan duba a kowane zagayen aiki, idan ya daina canjin kwana uku, ya ɗauki rabin hujjar ne ya bar rabin da ke kare majiyyaci.

Akwai kuma abin da hankali yake karɓa amma gwaji ya ƙi. Safar matsi mai kaiwa cinya tana da amfani ga wasu masu tiyata, sai aka ɗauka za ta amfani masu shanyewar ɓarin jiki. Gwajin CLOTS 1 na 2009, mai mutum 2,518, ya nuna ba ta rage daskarewar jini ba, kashi 10 ne da kashi 10.5, alhali raunin fata ya tashi daga kashi 1 zuwa kashi 5. Bayan duk wannan akwai ra'ayin majiyyaci, wanda za a yi wa bayani da harshen da yake ganewa, a faɗa masa amfanin da haɗarin, a bar shi ya zaɓa a inda zaɓi yake da wuri.

Sauya aikin sashe

Kafin a taɓa komai a auna yadda abin yake yanzu, domin tun ran gini ake zane. Idan kanula ce, a ɗauki wata guda ko biyu ana rubuta yawan kanulolin da aka sa, kwanakin da kowace ta yi, dalilin cire ta, da yawan waɗanda suka yi kumburi, da ma'auni guda da kowa zai yi amfani da shi. Wanda bai yi wannan ba, ba zai iya nuna wa kowa cewa canjinsa ya yi amfani ko bai cutar ba.

Sannan a tara waɗanda abin ya shafa. Mai jinya ba ya canza tsarin asibiti shi kaɗai, kuma wasu batutuwan ba a hannunsa suke ba. Lokacin hana ci da sha kafin tiyata magana ce da sai likitan sa barci da likitan tiyata sun amince an rubuta, batun kanula da robar fitsari kuma sai da masu kula da hana yaɗuwar cututtuka. A kai musu shafi guda mai ɗauke da tambayar, da hujjar da aka samu da ƙarfinta, da alƙaluman sashen, da abin da ake so a gwada. A fara da ɓangare ɗaya na sashen na ɗan lokaci, a duba, a gyara, sannan a faɗaɗa.

Aikin da Peter Pronovost ya jagoranta a jihar Michigan, wanda aka wallafa a 2006, darasi ne kan yadda ake wannan, ko da yake a sassan kulawa ta musamman aka yi shi. Abubuwa biyar da aka nema wajen sa robar babbar jijiya duk sanannu ne tun da: wanke hannu, cikakkiyar suturar kariya, goge fata da kulohezidin mai kashe ƙwayoyin cuta, kauce wa jijiyar matsematsi, da cire robar da ba a buƙata. Abin da aka ƙara shi ne an tara kayan aikin a amalanke guda, an ba da ikon dakatar da mai sa robar idan ya tsallake mataki a inda ba gaggawa, ana tambayar ko robar tana da sauran amfani a zagayen kullum, ana kuma nuna wa ma'aikata alƙaluman sashensu. A sassa 103, matsakaicin kamuwar jini ya sauka daga 7.7 zuwa 1.4 a kowane kwana 1,000 na zaman roba cikin watanni 16 zuwa 18. Sashen majiyyata da masu tiyata yana iya aron dabarar: a kwashe reza daga ma'ajiya a ajiye injin aski, a sa gurbin duba kanula a takardar da ake cikewa kullum, a shigar da tambayar robar fitsari cikin miƙa aiki, tun da tsawon zamanta shi ne babban abin da ke jawo cutar mafitsara. Koyarwa kuma ta kai ga masu aikin dare da na ƙarshen mako da sababbin zuwa, waɗanda su aka fi mantawa. Tsofaffin ma'aikatan da suka nuna turjiya a saurare su da kyau, domin sau da yawa sun san wani cikas na zahiri da maƙalar ba ta ambata ba.

Bayan canjin a ci gaba da auna abubuwa uku: ko ana yin sabon abin yadda aka tsara, ko sakamakon majiyyata ya canza, da ko wata matsala ta ɓullo ta wani gefe, kamar ƙaruwar toshewar kanula ko yawan sake sa robar fitsari bayan an cire. A riƙa lissafi da ma'auni mai tushe, kamar adadi a kowane kwana 1,000 na kwanciya ko na zaman roba, domin watan da gadaje suka cika ba daidai yake da watan da suka yi sauƙi ba. Sashe guda alƙalumansa kaɗan ne, suna hawa da sauka ko ba a yi komai ba, saboda haka wata ɗaya mai kyau ko marar kyau ba ya isa hukunci, sai an jera watanni a kan zane an ga inda layin ya dosa.

Idan an gamsu, a rubuta sabon tsarin a takardar ƙa'idar sashe tare da hujjar da aka dogara da ita, da sunan ofishin da ke da alhakinsa, da ranar da za a sake duba shi, saboda jagorori da bitoci ana sabunta su. Idan kuwa nema ya nuna cewa babu hujja mai ƙarfi kan tambayar, wanda yakan faru sosai a aikin jinya, sai a yi aiki da mafi kyawun abin da ake da shi, a rubuta a fili cewa ra'ayin masana ne ko bincike mai rauni. Wanda ya so ya cike wannan giɓi da kansa ya shiga fagen bincike ke nan, kuma dokokinsa daban ne: sai da rubutaccen tsari, da amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin a tattara bayanin mutum ko guda, da yardar majiyyaci bayan an yi masa cikakken bayani, kamar yadda Sanarwar Helsinki ta 1964 da gyare-gyarenta suka tanada. Ko aikin inganta sashe ne, idan ana da niyyar wallafa sakamakonsa, a tuntuɓi kwamitin tun farko ya faɗi ko yana buƙatar izininsa, a kuma cire sunaye da lambobin asibiti daga duk takardar da za ta fita daga sashen.